Kafin Ka Hau Da Tankin Kifi Saman Bene, Buɗe Kalkuletar Wayarka



Yau ba maganar saita waya ko dawo da WhatsApp ɗin da aka ƙwace za mu yi ba, duk da cewa waya ce ta jawo maganar, kuma da waya za mu warware rabinta. Duk mai leƙa TikTok da Facebook ya ga yayin da ake ciki. Wani ya ɗauki bidiyon falonsa a saman bene, ga ƙaton akwatin gilashi ya cinye rabin bango, kifaye masu launi suna ta shawagi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Wani ma ya wuce nan, ya hau can saman dekin ya kafa tamfol ya zuba tarwaɗa, yana ce maka ba ka buƙatar fili, ka fara kiwon kifi a saman gidanku. Jama'a kuma sai "Masha Allah", "nawa ne kuɗinsa", "turo lamba". Da wuya ka ga wanda ya tambayi nauyin abin.

In kuma wani ya yi ƙarfin hali ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Haba malam, ai dekin ne, kankare ne fa." Wannan amsar ce nake so mu yi rigima da ita yau, don amsa ce ta wanda bai taɓa zama ya yi lissafi ba. Kuma abin haushin, wanda zai biya kuɗin wannan gangancin ba lallai ba ne ya zama mai kifin. Mai kifi yana sama. Waɗanda ke kwance a ɗakin ƙasa, matarka ne da 'ya'yanka, ko iyalin maƙwabcin da kuke haya tare, wanda ko shawara ba a yi da shi ba.

Mu fara da abin da babu gardama a cikinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Shi ke nan. Jarkar mai garuwa mai lita 25, kilo 25 ce. Duro mai lita 200, kilo 200 ne, wato buhun siminti huɗu. Tankin roba mai lita 2,000 da kake gani a saman gidaje, idan ya cika, tan biyu ne cif, ya fi ƙaramar mota irin Corolla nauyi nesa ba kusa ba. Ruwa yana yaudarar ido ne saboda da tiyo yake shigowa, a hankali, babu wanda ya yi gumi. Da a ce ruwan nan a buhu ake hawa da shi, ka ga ƙatti suna haki a matattakala, da tun a buhu na goma za ka ce a dakata.

To ɗauko wayarka, buɗe kalkuleta. Auna tsawon akwatin, faɗinsa da zurfinsa da santimita, ka ninka su gaba ɗaya, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne lita, kuma shi ne kilo. Idan da ƙafa aka ba ka awon, kamar yadda masu yankan gilashi da kafintoci suka saba, ninka kowace ƙafa da 30.5 ka samu santimita.

Ƙaramin akwati mai tsawon 60, faɗin 30, zurfin 30: lita 54 ke nan. Haɗa gilashi da tsakuwa da teburi, za ka tashi da nauyin babban mutum ɗaya. Wannan ba shi nake magana a kai ba, ajiye abinka inda kake so.

Matsakaici, 120 da 50 da 60: lita 360. Babba, irin na bidiyon nan, 180 da 60 da 60: lita 648. A nan ne mutane ke tsayawa da lissafi, in ma sun yi, alhali ruwa ba shi kaɗai ba ne. Gilashi kansa yana da nauyi: duk murabba'in mita ɗaya na gilashi mai kaurin milimita 10 kilo 25 ne, mai kaurin 12 kuma kilo 30. Wancan babban akwatin, in ka haɗa gindinsa da ɓangarorinsa huɗu, gilashin ya kusa murabba'in mita huɗu, wato kusan kilo 120 tun ba ka zuba ko ɗigon ruwa ba. Sai tsakuwa da duwatsun ado, waɗanda suka fi ruwan da suka kore nauyi. Sai teburin ƙarfe ko kabad ɗin da zai zauna a kai. Ko ba ka cika shi har baki ba, abin zai kai wajen kilo 850. Buhun siminti goma sha bakwai ke nan, a jibge a wuri guda da bai fi tabarmar sallah girma da wani abin kirki ba.

Yanzu tambayar ita ce, shi dekin ɗin nawa aka ce ya ɗauka? Don ba a zuba dekin da ka. Injiniyan da ya san aikinsa yana da adadin da yake lissafi da shi. Ƙa'idar Ingila ta BS 6399, wadda injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna aiki da ita, ta ware wa ɗakunan gidan zama kilo 150 a kan kowane murabba'in mita, in muka juya ma'auninsu zuwa kilo. Ƙa'idar Turai ta yanzu tana tsakanin 150 da 200. Ta Amurka kusan 195 ce a falo, a ɗakin kwana ma ƙasa da haka. Wannan adadin shi ne na mutane da gadaje da kujeru da firij da duk tarkacen zaman gida, bayan nauyin dekin ɗin kansa. Ofis da shago da sito kowanne da nasa adadin, ya fi na gida.

Riƙe wannan 150 ɗin, ka zo mu duba ruwa. Idan ka zuba ruwa mai zurfin santimita 10 a kan murabba'in mita ɗaya, kilo 100 ne. Zurfin 15, kilo 150. Ka ga ke nan ruwan da bai wuce idon sawu da yawa ba ya riga ya cinye kason da aka ware wa wurin. Zurfin 60, kilo 600. Zurfin mita ɗaya, tan guda a kan kowane murabba'in mita. Lura da kyau, faɗin tankin bai shiga wannan lissafin ba. Zurfi ne ke faɗa maka yadda ruwan ke danna kowane taku na ƙasan da yake kai, faɗi kuma ya faɗa maka taku nawa ake dannawa. Wancan akwatin mai kilo 850 yana danna wurin da yake zaune da kusan kilo 800 a murabba'in mita, fiye da ninki biyar na abin da aka rubuta.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare, don haka bari in faɗa masa da kaina. Zai ce, "To in haka ne, ai ni ma da na tsaya da ƙafa biyu na wuce wannan adadin, me ya sa ban burma ba?" Haka ne. Wannan 150 ɗin ba yana nufin da zarar wani lungu ya wuce shi dekin zai rufta ba. Ana lissafa shi ne a kan cewa duk ɗakin, lungu da saƙo, an shimfiɗa masa wannan nauyin a lokaci guda. Ɗaki mai mita 4 da 4 ke nan an ba shi kilo 2,400 a bazu. Kuma dekin mai rodi yana rarraba nauyi zuwa gefe da gefe, sannan injiniya yana ƙara rarar kariya a kai: a ƙa'idar BS 8110 ana ninka nauyin da ke zaune dindindin da 1.4, mai zuwa ya tafi kuma da 1.6. Saboda haka dekin da aka zana daidai, aka zuba daidai, sau da yawa zai iya riƙe matsakaicin akwatin kifi idan an ajiye shi inda ya dace. Ban ce duk mai akwatin kifi a bene yana kan hanyar kabari ba.

Amma ka ji sharuɗɗan da na jero? An zana daidai. An zuba daidai. An ajiye inda ya dace. Kai da kake cewa "ai kankare ne", wanne daga cikin ukun nan ka sani game da gidan da kake ciki? Kana wurin aka zuba dekin ɗin? Ka san ko rodi mai milimita 12 aka sa ko mai 10? Ka san tazarar da ke tsakaninsu? Ka san ko kaurin dekin ɗin ya kai inci shida ko an rage don siminti ya yi tsada a watan? Ka san kwano nawa na yashi aka zuba wa buhu ɗaya, ko an ba shi ruwa yadda ya kamata, ko an bar katakon tokare ya yi kwanakinsa kafin a cire? Kankare sai ya yi kwana 28 ake auna ƙarfinsa na ƙa'ida, amma kowa ya san yadda ake gaggawar cire katako don a kai wani aikin. In ɗan haya ne kai, amsar duk tambayoyin nan ita ce ba ka sani ba. In ma gidanka ne ka saya ginanne, ba ka sani ba. Fenti da tayil da silin ɗin POP suna rufe komai, kallon kitse kawai kake wa rogo.

Ita rarar kariyar nan kuma da nake faɗa, ba kyauta ba ce aka ajiye maka ka zo ka cinye da kifi. An sa ta ne saboda an san siminti yana iya zuwa da rauni, lebura yana iya kuskure, rodi yana iya gocewa daga inda aka ɗaure shi. A gine-gine da yawa, tun ranar zubi magina suka cinye ta.

Kuma don Allah a daina maganar kankare kamar wani abu ne da ba ya faɗuwa. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40, da kankare da rodi aka yi shi. Wanda ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano a ƙarshen Agustan 2022, inda da yawanku kuke zuwa sayen waya da gyara, shi ma ba da kara aka gina shi ba. Babu ruwan kifi a cikin waɗannan, na kawo su ne don mai cewa kalmar "dekin" kaɗai ta isa hujja.

In kuma kana son misalin abin da ke faruwa idan aka ɗora wa gini nauyin da ba a zana shi da shi ba, duba katafaren kantin Sampoong a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. An ƙara masa hawa na biyar, aka mayar da hawan gidajen abinci masu ƙasa mai kauri da nauyi, aka ɗora manyan injinan sanyaya iska a rufinsa, daga baya ma aka ja su a kan rufin don a sauya musu wuri. Ranar 29 ga Yuni 1995 ya rufta, mutum 502 suka mutu. Ginin ya yi shekaru a tsaye kafin ranar. Haka Rana Plaza a Bangaladesh, inda aka jibge masana'antun ɗinki da manyan janareto a hawan sama na ginin da ba don haka aka tsara shi ba: ranar 24 ga Afrilu 2013 ya faɗi, mutum 1,134 suka rasu, kuma tun ana gobe aka ga tsagewar. Na san waɗannan manyan gine-gine ne, ba falonka ba. Amma dokar nauyi ba ta san girman gida ba, kuma duka biyun sun rusa hujjar nan ta biyu da ake yawan kawowa, wai "ai ya yi wata shida a wurin, babu abin da ya faru."

Wannan hujjar ta wata shida ita ta fi ba ni tsoro, don tana kama da hankali. Ga abin da ba a faɗa maka. Baƙin da suka cika falonka ranar suna, mutum goma sha biyu ma a ce, nauyinsu zai kai na babban akwatin nan, amma a bazu suke, kuma da la'asar kowa ya kama gabansa, dekin ya huta. Ruwa ba ya tafiya gida. Yana nan dare da rana, shekara da shekaru, a wuri guda. Shi kuma kankare yana da wata ɗabi'a: idan nauyi ya zauna masa dindindin, yana ci gaba da lanƙwasa a hankali tsawon shekaru, ko da ba a ƙara ko kilo ɗaya ba. Lanƙwasar da ka samu a makon farko somin taɓi ce. Daga nan sai ƙananan tsaga su buɗe a ƙasan dekin, inda ba ka gani saboda silin.

Sai kuma abu na biyu, wanda mai kujera da gado ba ya fama da shi: jiƙa. Duk mai kiwon kifi yana canza ruwa, yana fantsama, tiyo yana zamewa, famfo yana ɗiga, wani lokacin gam ɗin gilashin ya fara tsatsafo ba ka lura ba. Ruwan nan yana bin tsagar tayil ya gangara, ya tarar da waɗancan ƙananan tsagar, ya isa ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi daga ciki, shi kuma yana sirancewa. In kifin ruwan gishiri kake kiwo, abin ya fi sauri, don gishiri babban abokin gabar rodi ne. Wato nauyin yana nan yadda yake, abin da ke riƙe da shi ne ke raguwa. Wata shida ba ta isa ta nuna maka wannan ba.

Yanzu mu zo kan masu tamfol, don gaskiya su ne suka sa na yi wannan rubutun da zafi. Akwatin ado na falo abu ne da za a iya zama a duba, a ce ya yi ko bai yi ba. Amma tamfol ɗin tarwaɗa a saman dekin wani babi ne daban. Ɗauki mai mita 3 da 3, ka zuba ruwa zurfin mita ɗaya. Lita 9,000. Tan tara. Buhun siminti 180. Kuma a nan babu zancen "nauyin zai rarrabu zuwa gefe", don ruwan ya mamaye kusan duk faɗin dekin ɗin, kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 1,000 a inda aka lissafa 150. Ninki shida da ɗoriya. Babu rarar kariyar da ta kai nan. Ko ka rage ruwan zuwa rabi, kana kan ninki uku. Mai bidiyon kuma ba guda ɗaya yake ce maka ka kafa ba, cewa yake ka fara da biyu, in kasuwa ta buɗe ka ƙara. Sannan ga tankin ajiyar ruwa da za ka ɗora kusa da su don canji. Wallahi duk wanda ya ce maka ka yi wannan a kan dekin gidan zama ba tare da injiniya ya duba ba, ko dai bai sani ba, ko kuma tamfol yake sayarwa. Ana kiwon kifi a saman gini, ana ma yin wurin ninƙaya a hawa na ashirin, amma tun a takarda aka zana ginin da wannan nauyin, aka ƙara kauri da rodi da bim da ginshiƙi har zuwa tushe.

Baranda kuwa, wadda ta fito waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, a cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Mutane suna son ajiye tanki a can saboda iska da sauƙin zubar da ruwa, alhali ita ce mafi rauni. Gefe ɗaya kawai take riƙe, kuma rodin da ke riƙe da ita a saman kankaren yake aiki, ba a ƙasa ba. Ranar zubi, leburori suna taka rodin nan da ƙafa da baro, in ba a tokare shi da kyau ba sai ya nutse ƙasa, ƙarfin barandar ya ragu sosai ba wanda ya sani. Dekin da ke tsakanin bango huɗu yakan yi gargaɗi, ya lanƙwasa, ya tsage. Baranda tana iya karyewa daga gindi lokaci guda.

Masu tsohon benen ƙasa na azara, irin na cikin birnin Kano da Zariya da Katsina, ku ma ba da ku ake wannan yayin ba. Azara tana da ƙarfi da juriya, shi ya sa gine-ginen suka daɗe, amma abin da ke kanta ƙasa ce, kuma kowa ya san abin da yoyo ke yi wa ginin ƙasa. Wanda kuma yake ƙasar waje a gidan da ƙasan benensa katako ne, kamar yawancin gidajen Amurka da Ingila, sai ya san inda katakan da ke ɗauke da daɓen suka dosa, ya ajiye akwatin ya gitta su, ya hau kan guda huɗu ko biyar, kada ya bi tsawon guda ɗaya ko biyu.

To idan lissafinka ya nuna matsakaici ne, kuma ka dage sai a sama, wurin ajiyewa yana da tasiri ƙwarai. Tsakiyar ɗaki ita ce mafi muni, don nan dekin ya fi lanƙwasa. Mafi dama shi ne jikin bango, a kan bim ko kusa da ginshiƙi. Amma a nan ma akwai tarko: ba kowane bangon da ka gani a sama ne yake da wani abu a ƙarƙashinsa ba. Wani bangon raba ɗaki ne kawai aka ɗora a kan dekin, shi kansa kaya ne. Ka jingina tankinka da shi kana murna, ashe ka haɗa kaya biyu a tsakiyar falon ƙasa. Sauka ƙasa ka duba da idonka: daidai wurin nan, akwai bango ko bim ko ginshiƙi? In silin ya rufe, auna daga bangon waje a sama, ka sake aunawa a ƙasa. Manhajar Measure ta iPhone za ta ba ka ƙiyasi, amma tef ɗin awo na hannu ya fi ta gaskiya.

Teburin ma a duba shi. Mai ƙafa huɗu sirara yana tattara duk nauyin a wurare huɗu masu faɗin kwabo: kilo 850 a raba huɗu, kowace ƙafa sama da kilo 200. Tayil ɗin da ke da rami a ƙarƙashinsa zai fashe, ƙafa ɗaya ta nutse, akwatin ya karkace. Gilashin da ya karkace kuma yana murɗa gam ɗin da ke haɗe da shi, wata rana da tsakar dare ya buɗe. Lita 600 a ƙasan ɗaki, ga soket ga waya mai jona wuta a kwance. Gara teburi mai shimfiɗaɗɗen gindi, kuma a daidaita shi kafin a zuba ruwa. Wannan kam waya tana yi: iPhone tana da ma'aunin daidaito a cikin Measure, a Android kuma akwai manhajoji irinsa da yawa a Play Store. Ko ka zuba ruwa kaɗan ka duba ko ya kwanta daidai da bakin gilashin ta kowane gefe.

Abin da waya ba za ta yi maka ba shi ne ta leƙa cikin kankare. Na ga masu ɗaukar hoton falo su tura wa ChatGPT ko Meta AI suna tambaya ko zai ɗauka. Zai taya ka lissafin lita da kilo, wannan daidai ne. Amma bai ga rodinka ba, bai san wanda ya zuba dekin ɗin ba, kuma in abin ya faɗo ba shi za a kama ba. Haka birkila, da dukkan girmamawa ga sana'arsa. Ya iya ɗora bulo ya iya zubi, amma buga ƙafa a ƙasa a ce "wannan ko tirela ce zai ɗauka" ba lissafi ba ne. Wanda ake nema shi ne injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Shi zai nemi zanen ginin in akwai, in babu yana da na'urar da ke gano inda rodi yake da zurfinsa, da wata 'yar guduma da ake harbawa a jikin kankare a ƙiyasta ƙarfinsa. Mutumin da zai iya sayen gilashi mai milimita 12 da injin tace ruwa da kifin da aka shigo da shi daga waje, bai da bakin cewa kuɗin injiniya ya yi yawa.

Nawa ra'ayin, kuma ra'ayi ne ba doka ba: ƙasa da lita 100, kada ka damu. Daga nan zuwa wajen 300, a jikin bangon da ka tabbatar yana da mariƙi a ƙasa, a ginin da ba shi da alamar matsala. Abin da ya haura haka, kada a zuba ruwa sai injiniya ya gani. Tamfol da tankin kiwo kuwa, ƙasa.

Wanda kuma ya riga ya ɗora, yau ɗin nan ya sauka ɗakin da ke ƙarƙashin tankin ya ɗaga kai. Tsaga a silin ko a jikin bim, tabon ruwa, jan tabo irin na tsatsa, fenti yana kumbura, kankare yana ɓarewa, ƙofar da da take rufuwa lafiya yanzu tana cijewa, tayil a sama yana ɗagowa ko yana fashewa a layi ɗaya. In ka ga tsaga, ɗauke ta hoto da tsabar kuɗi ko rula a gefenta, ka sa alama da biro a ƙarshenta, bayan mako ka sake ɗauka. Wayar da kanta tana ajiye kwanan wata. In ta ƙaru, ko kuma tun farko ka ga dekin ya yi ciki, kada ka tsaya jiran mako. Fitar da mutanen ɗakin ƙasa tukuna, sannan ka sa tiyo ka janye ruwan zuwa waje, kifin a kwashe a robobi a sauko da su. Kada a taru mutum biyar a kewaye tankin ana shawara, kuma kada a yi ƙoƙarin jan sa da ruwa a ciki zuwa wani lungu.

Ɗan haya kuma, kafin ka biya mai gilashi kuɗin somi, je ka sami mai gidan ka faɗa masa adadin kilo, ba "ɗan akwatin kifi" ba. Ce masa, "Alhaji, abin da zan ɗora ya kai buhun siminti goma sha bakwai, kuma a wurin zai zauna." Ka faɗa wa na ƙasa da kai haka shi ma. In sun ce a kira injiniya, a kira. In sun ce a'a, falon ƙasa ko tsakar gida, inda daɓen ke kwance a kan ƙasa kai tsaye, zai ɗauki akwatin ba tare da wannan dogon lissafin ba, kuma ko canjin ruwa ya fi sauƙi a can tunda ba sai ka yi ta hawa da jarka ba.